Hakkin Wanda Bai Zo Duniya Ba Tukuna

Galibin hakkokin da mu ke ji ana magana a kansu hakkoki ne na masu baki. Wanda aka ci wa iyakar gona ya kan tafi wurin dagaci ya kai ƙara. Wanda aka hana wa ladan aikinsa ya kan tsaya ƙofar gidan mai aikin har a sallame shi. Ko jinjiri ma in ya ji yunwa ya kan tsala kuka har uwa ta bar abin da ta ke yi ta zo. To, amma akwai wani bawan Allah wanda ba shi da bakin kai ƙara, ba shi da ko kukan da zai yi a ji, ba a ma raɗa masa suna ba tukuna, watau ɗan da ke cikin ciki. Abin da mu ke so mu yi nazari a kansa yau, mu da ku 'yan makaranta, shi ne, shin wannan yana da hakki a kanmu? In kuwa yana da shi, wa za a tambaya ran da aka tozarta shi?

Wani zai ce ai wanda bai zo ba ba ya bin kowa bashi. Amma shari'ar da kakanninmu suka tashi a kanta ba haka ta ɗauka ba. In mutum ya rasu ya bar matarsa da ciki, alƙali ba ya raba gado sai an dakata ta sauka, don kada a cinye rabon wanda bai iso ba. Mace mai ciki kuwa in ta ji tsoron azumi zai cuci abin da ke cikinta, an yardar mata ta sha, ta rama daga baya. 'Yan'uwanmu Kirista su ma haka su ke ɗaukar ɗan ciki, rai ne wanda Allah Ya danƙa wa iyaye amana. Hankali ma da kansa ya yarda da wannan. Ku duba, in maƙwabcinka ya ba ka ajiyar hatsi ya tafi fatauci, rashinsa a gari shi ne ke ƙara wa ajiyar nauyi, gama da yana nan da shi da kansa zai riƙa leƙa rumbun ya ga ko gara ta shiga. Ashe ke nan duk yadda mai hakki ya kasa tsare hakkinsa, haka nauyin ke ƙaruwa bisa wanda aka ba riƙo. Ba kuwa wanda ya kai ɗan ciki kasawa.

Don kada magana ta tsaya a iska, bari mu ɗauki cuta guda mu gwada wannan hukunci a kanta. Cutar ita ce tunjere, wadda waɗansu ke kira kabba. Ƙwayar da ke kawo ta wata 'yar mitsitsiyar halitta ce mai kama da murɗaɗɗen zare, ido ba ya ganinta sai da madubin likita, galibi kuwa wajen saduwar namiji da mace a ke ɗaukarta. Muguntarta ita ce iya ɓuya. Bayan kamar mako 3 da ɗauka sai wani ɗan miki ya fito, ba zafi ba ƙaiƙayi, sau da yawa ma a inda mai shi ba ya gani, ya yi 'yan makonni ya warke don kansa. Can an jima sai ƙuraje su feso, har a tafin hannu da tafin ƙafa, da ɗan zazzaɓi, su ma su baje ko ba a sha kome ba. Mai ita sai ya ce alhamdu lillahi na warke, alhali cuta ta shige cikin jini ta yi kwanto. Ta kan yi shekaru haka, daga baya ta taɓa wa waɗansu zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko idanu.

To, mace mai wannan cuta a jini in ta sami ciki, ƙwayar ta kan bi ta mabiyiya da cibiya, hanyar nan da abincin ɗan ke bi, ta shiga jikinsa. Likitoci sun ƙididdige, in ba a yi magani ba fiye da rabin irin waɗannan cikunna ba su ƙarewa lafiya. Wani ya zube, wani a haife shi ba rai, wani ya zo bakwaini, wani ya yi 'yan kwanaki ya koma. Wanda ya tsaya kuwa a kan ga majina ba ta yanke masa, fatar tafin hannunsa da ta ƙafarsa tana saɓulewa, cikinsa ya kumbura don hanta da saifa sun girma, ko ya riƙa ƙin motsa hannu ɗaya don ƙashi na yi masa ciwo. Da yawa kuma a kan haife su sumul, a yi suna a yanka rago, sai shekaru sun ja a ga karan hanci ya lotsa, haƙoran gaba sun fito da giɓi a bakinsu, ido ya yi hazo, kunne ya toshe. Wani likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, shi ya haɗa alamun nan na haƙori da ido da kunne tun cikin ƙarni na 19, har yau da sunansa a ke kiransu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2022 cutar ta kama 'ya'ya wajen 700,000 tun suna ciki, ta ce kuma cikin cututtukan da ke sa a haifi ɗa ba rai, waɗanda a ke iya tarewa, in an ɗebe zazzaɓin cizon sauro ba kamar tunjere.

Mu nan ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ba baƙi ba ne ga matar da a ke kira mai wabi, wadda in ta haihu ɗan ya koma, ta sake haihuwa ya sake komawa. Mun san yadda a ke yi, a kai jariri bisa juji kamar ba a so, a sa masa Ajuji ko Ajefas, wai ko mutuwa ta raina shi ta bar shi. Mun san kuma abin da a ke faɗa a bayan idon uwar, wani ya ce iska ce ta aure ta, wani ya ce nononta ne ba shi da kyau, wani ya ambaci mayu, ƙarshe sau da yawa a ba ta takardarta. Ba mu ce kowane wabi tunjere ne ba. Zazzaɓin cizon sauro na yin nasa, amosanin jini na yin nasa, ƙarancin abinci ma haka. Amma likitocin Turai tun da daɗewa sun lura da yadda tunjere ke bin gida guda, ciki na fari ya zube, na biyu a haife shi ba rai, na uku ya zo da ciwo, sa'an nan a hankali a fara samun masu tsayawa. Wanda duk ya san gidajenmu, in ya ji wannan jeri, lalle gabansa ya faɗi.

Nan ne fa maganar laifi ta shigo. Kakanninmu da suka kai jariri juji ba su da laifi, gama iyakar abin da suka sani ke nan, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Turawa su ma haka suka yi ta lalube. Cutar ta ɓarke musu a birnin Naples na ƙasar Italiya cikin 1495, suka shekara 400 da ɗoriya ba su san abin da ke kawo ta ba, kowace al'umma tana laƙa wa maƙwabciyarta. Sai cikin 1905 waɗansu masana biyu a Jamus, Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann, suka ga ƙwayar da madubi. Cikin 1906 August von Wassermann ya fito da hanyar gane ta a jini. Cikin 1910 Paul Ehrlich da abokin aikinsa Sahachiro Hata, mutumin Japan, suka fito da magani na fari mai ɗan tasiri, ko da ya ke mai wahalarwa ne ƙwarai. Cikin 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan, cikin 1943 kuma wani likitan Amurka, John Mahoney, ya gwada shi ga masu tunjere suka warke. Tun daga ran nan hukunci ya sake. Abin da ya ke jiya masifa ce wadda ba yadda za a yi da ita, yau ya zama abin da allura ke tarewa. Ilmi haske ne, gaskiya ne, amma kuma kaya ne. Wanda ya san akwai rijiya a bakin hanya, ya ga makaho ya nufe ta ya yi shiru, ba daidai ya ke da wanda bai sani ba.

Ƙofar da a ke shiga a sami wannan taimako kuwa ita ce awon ciki. Mace ta je asibiti, a auna nauyinta da bugun jininta, a duba kwanciyar ɗa, a ba ta maganin ƙarin jini da na tare zazzaɓi, a kuma tsaga yatsa a ɗiga jini bisa wani ɗan allo. Kafin a ƙare cin tuwo an ga amsa. Akwai ma allon da ke nuna tunjere da ƙanjamau gaba ɗaya da ɗigo guda. In an ga cutar, sai a yi mata allurar penisilin irin mai daɗewa a jiki, wadda likitoci ke kira benzatin, guda ɗaya in cutar sabuwa ce, guda 3 mako mako in ta daɗe ko ba a san farkonta ba. Allurar nan ta kan ƙetara ta isa ɗan, ta warkar da su biyu. Ku lura da wannan, don waɗansu ƙwayoyin da a ke saye a kemis su kan rage wa uwa ciwo, amma ba su ƙetarawa sosai su isa ɗan. Lokaci kuma shi ne kan magana. Ana so a yi allurar tun ciki na ƙarami, in an makara ƙwarai kada ta gaza kwana 30 kafin haihuwa. Sabo da haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya cikin 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, na fari tun ciki bai wuce mako 12 ba. Amma ƙidayar lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ta nuna cikin mata 100 masu ciki, 18 kaɗai suka fara awo cikin wata 3 na fari. Sa'an nan tilas a yi wa miji magani shi ma, im ba haka ba an yi wankan jaki ke nan, ya sake shafa mata.

Tun da abin ya zo da sauƙi haka, me ke hana mu? Hujjojin da mu kan ji guda huɗu ne, ba kuwa za mu raina ko ɗaya ba, gama masu faɗarsu iyayenmu ne da yayyenmu.

Ta fari ita ce ƙaddara. A ce ɗan da Allah Ya rubuta zai rayu zai rayu, wanda bai rubuta wa ba ko an kwana asibiti sai ya koma. Wannan gaskiya ce, ba mai musu. Amma mai faɗar haka, in ruwan shuka ya sauka ba ya kwanciya a ɗaki ya ce hatsin da aka rubuta masa zai zo rumbu da ƙafarsa. Ya kan fita da sungumi tun da asuba, ya yi noman fari ya yi maimai, ya kori tsuntsu, sa'an nan ya ce Allah Ya ba da albarka. In saniyarsa ta ƙi cin abinci, ba ya jiran ranar kasuwar Sara ta zagayo sai ya nemo mai duba ta. Me ya sa tawakkalinmu ba ya tashi sai an zo kan mace da abin da ke cikinta? Malamanmu sun sha faɗa mana neman magani ba ya rushe tawakkali, Hausawa ma sun ce Allah Ya ce tashi in taimake ka.

Ta biyu ita ce kunya. Yarinya mai cikin fari ba ta faɗa, ba ta so a gane, sai zane ya gaza rufewa. Kunya ado ce, ba mu so ranar da za a rasa ta a ƙasarmu. Amma kunya an yi ta ne don ta tsare mutuncin mutane, in ta kai ga ana biyan kuɗinta da ran wani, to, ta wuce gona da iri. Wata 3 ɗin nan da amarya ke ɓoyon cikinta su ne watannin da allura ta fi amfani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba kuwa sai an yi shela ba, ya isa uwar miji ko wata gwaggo ta lura, ta ja ta gefe, ta raka ta. Abin farin ciki, galibin masu awo mata ne, akwai ma makarantar koyon jinya da ungozomanci a nan Birnin Kudu.

Ta uku ita ce mafi wuya, ita ce kuma ba a faɗa a fili, watau tsoron zargi. In an auna aka ga cutar, wa ya kawo ta gidan? Mace na tsoron a sake ta, namiji na tsoron asirinsa ya tonu, sai su biyu su zaɓi duhu. Wannan tsoro ba na banza ba ne, gama kalma guda ta kan rushe gidan da aka shekara 10 ana gini. Amma ku san abu biyu. Ɗigon jinin nan ba ya faɗin wanda ya kawo cutar, ba ya kuma faɗin yaushe. Tana yiwuwa tun auren fari na ɗayansu ce, daga abokin zaman da ya riga ya rasu ko aka rabu, ta kwanta shekaru ba wanda ya sani. Har wa yau akwai wata 'yar'uwarta a ƙasashen bakin hamada, irin su Nijar da Mali, wadda yara ke ɗauka wajen wasa da shan ruwa a moɗa guda, ba ta da haɗi da saduwa ko kaɗan, amma a jini kamanninsu ɗaya. Sabo da haka wanda ya ɗauki amsar awo ya mai da ita shaidar zina ya yanke hukunci ba da hujja ba. In ma a ce ɗayansu ya san ya taɓa kauce hanya, to, tsakaninsa da Ubangijinsa tuba ce, ƙofarta kuwa a buɗe ta ke. Amma ya ɓoye, ya bar jariri ya biya bashin da bai ci ba da idonsa ko da ransa, wannan laifi na biyu ne, ya kuwa fi na fari nauyi, don da saninsa ya yi shi. Ma'aikacin asibiti shi ma amana ce a wuyansa, abin da ya gani a allo bai halatta ya kai shi bakin kasuwa ba. Ran da mutane suka tabbata asirinsu a rufe ya ke, rabin tsoron nan ya tafi.

Ta huɗu ita ce nisa da rashi. Wanda ke cikin garin Birnin Kudu, kusa da Asibitin Tarayya, ba daidai ya ke da na wata rugar da ke bayan Basirka ko Farin Dutse ba, wanda in damina ta yi nisa rafi ya kawo sai ya kwana biyu bai ƙetare ba, kuɗin babur kuma sai an sai da kwanon gero. Wannan hujja ce ta gaske, ita ce kuma ke nuna mana nauyin nan ba na mace kaɗai ba ne. Ita ba ta fita sai da izni, ba ta da kuɗin mota sai an ba ta. Mai gida shi ke riƙe da izni da aljihu, sabo da haka rabonsa cikin tambayar ya fi nata. Hukuma kuma tata ta fi ta kowa, gama in mace ta yi tafiyar mil 5 da tsohon ciki ta tarar ba allon gwaji, ko an gwada ba allura, to, an karya mata gwiwa, an karya ta maƙwabtanta duka. Kada kuwa a ce sai ƙasa ta yi arziki. Kyuba ƙaramar ƙasa ce, ba ta da dukiyar a zo a gani, amma cikin 2015 ita ce ta fari a duniya da aka shaida ta tare hanyar tunjere da ƙanjamau daga uwa zuwa ɗa, Tailan ta bi bayanta cikin 2016. Amurka kuwa da duk arzikinta, cikin 2022 an sami jarirai fiye da 3,700 da cutar, wajen ninki 10 na 2012, hukumarsu ta ce kusan 9 cikin 10 da an auna uwayen an yi musu magani a kan kari da ba a kai ga haka ba. Ashe abin na kula ne.

To, ku 'yan makaranta, kada ku ce wannan maganar manya ce. Shekara nawa ta rage ku zama masu gida da uwayen gida? Cikinku ne za a sami malaman asibiti, da ungozomomi, da dagatai, da waɗanda za su riƙe baitulmalin da a ke sayen allurar nan. Tun yanzu ma akwai abin da za ku iya. In kun je hutu, ku ne masu karanta katin awo a gidajenku, ku duba ranar komawa ku tuna wa yayarku ko matar wanku. Amma ku yi da ladabi. Kada yaro ya tsaya tsakar gida ya ce wa tsohuwa abin da ta sani duk camfi ne, gama ita ta karɓi haihuwarsa, in ya ƙasƙanta ta ya rufe ƙofar da ya ke so ya buɗe. Ya durƙusa ya ce, “Iya, an ce mana a makaranta akwai wata cuta mai kwanciya a jini ba a sani ba, ɗigo guda a ke dubawa, ko za a kai Yaya a duba?” Magana mai daɗi ita ke jawo wa mutum abin da ƙarfi ba ya jawowa. Ku samari kuma, ran da Allah Ya kai ku ga aure, ku fara da kanku, a duba jininku da na wadda za ku aura. Wanda ya tsare kansa tun yana saurayi ya yi wa 'ya'yansa kyautar da ta fi gona.

Amsar tambayarmu dai ita ce, i, ɗan ciki yana da hakki, hakkinsa kuwa ya rabu bisa uwa da uba da dangi da hukuma, kowa gwargwadon abin da ke hannunsa, wanda ya fi iko shi ya fi ɗaukar kaya. Mu da aka koya wa karatu an ƙara mana wani ƙulli a kan namu, don ba mu da sauran cewa ba mu sani ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.